Yadda ake binciken "Wane ne ni?" a hanyar Ramana Maharshi

A watan Yuli na 1896 wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Venkataraman yana zaune shi kaɗai a saman benen gidan baffansa a garin Madurai, can kudancin Indiya, lafiyarsa ƙalau ko ciwon kai baya yi, sai kawai tsoron mutuwa ya lulluɓe shi. Bai kira kowa ba. Kwanciya yayi ya miƙe ƙafafu ya sandare kamar gawa, ya riƙe numfashi ya danne leɓe, yace a ransa to shikenan jikin nan ya mutu za'a ɗauka a kai a ƙone kamar yadda 'yan Hindu ke yi, amma ni fa, na mutu ne? Sai yaji abin nan da yake kira "ni" yana nan daram, mutuwar jikin bata taɓa shi ba. Bayan kamar sati shida ya bar gida ya hau jirgin ƙasa, ya isa Tiruvannamalai gindin dutsen Arunachala ranar 1 ga Satumba, kuma bai ƙara barin garin ba har ya mutu ranar 14 ga Afrilu 1950. Shi ne duniya ta sani da Ramana Maharshi, kuma abin da yayi a ɗakin nan shi ya riƙa koyawa mutane, da yarensu ana ce masa atma vichara, wato binciken kai.

Kafin kace zaka gwada sai ka san tushen. Mazhabar falsafar Hindu ce da ake kira Advaita Vedanta, advaita ma'anarta "babu biyu". Babban malaminta Adi Shankara, mutumin Kerala, ya rayu wajajen ƙarni na 8. Su a wajensu ainihin kanka, Atman, da ainihin komai da komai, Brahman, abu ɗaya ne, rabuwar da kake gani kuskuren gani ne kawai. Misalin da suka fi so kowa ya san shi, ka fito da magariba ka hangi igiya a ƙasa ka zabura kace maciji, zuciya na bugawa, gumi ya karyo, tsoron gaske ne amma macijin babu shi tun farko. Ba sai ka nemo sanda ka kashe shi ba, fitila kawai zaka haska. To wai haka "ni" ɗin da muke ta wahala a kansa yake.

Bari in faɗi tawa anan dan kar a fahimce ni a baibai. Ni Musulmi ne, kuma maganar cewa bawa da Mahalicci abu ɗaya ne ba aƙidata bace, nesa ba kusa ba. Amma ina ganin in zaka yi magana akan abin da wasu mutane suka kwashe ɗaruruwan shekaru suna nazari, adalci shi ne ka faɗe shi yadda su suke yinsa, kuma gaskiya dabarar lura da tunani dake ciki ta burge ni sosai.

Farko dai ka samu wuri shiru, ka aje waya nesa da kai, minti goma ko sha biyar ya isa ga ɗan koyo. Babu wani zama na musamman da Ramana ya wajabta. Tsofaffin malamai suna fara da share fage da abin da suke cewa neti neti, "ba wannan ba, ba wannan ba", daga Brihadaranyaka Upanishad aka samo, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu da ake kira Upanishad. Ka duba jikinka, kana cewa hannuna, ƙafata, kaga kenan akwai mai abu akwai abin. Numfashi kana jin shigarsa da fitarsa. Fushi ya zo ɗazu ya tafi kana kallonsa. Ƙa'idar ita ce duk abin da zaka iya lura dashi to ba shi bane mai lurar. Kar ka daɗe anan, share fage ne kawai, Ramana da kansa bai ɗauke ta a matsayin aikin ba.

Aikin gaske yana farawa ne lokacin da tunani ya faɗo, kuma wallahi zai faɗo tun baka gama gyara zama ba. Ace kuɗin haya ne, wata ya kusa ƙarewa, mai gida ya riga ya aiko yaro sau ɗaya. Yadda muka saba sai mu bi tunanin, wa zan ranta a wajensa, in na sayar da kaza nawa zai kawo, ai wane ma yana riƙe min kuɗi tun kafin azumi, kafin ka farga ka yi rigima da mutum uku a cikin kanka kana zaune a tabarma. Anan kar ka bi shi ya ƙarasa, kar kuma ka tsaya kokawa dashi. Ka tambaya: wa wannan tunanin ya zo wa? Amsa zata fito da kanta, ni. Sai kace to wane ne ni ɗin, daga ina yake tasowa? Daga nan sai ka ɗauke hankali daga kan kuɗin hayar ka maida shi kan jin "ni" ɗin nan kansa, ka tsaya a wurin ka yi shiru kana kallo. Daƙiƙa biyu ko uku wani tunanin zai sake ɗauke ka, abincin rana ne ko wata magana da aka yaɓa maka jiya, babu damuwa, ka sake yi masa tambayar nan. Haka zaka ta yi, sau ɗari ma in ta kama.

Dalilin da yasa ake bin "ni" ɗin shi ne Ramana yace duk tunani a jikin tunanin "ni" yake rataye, shi yake fara tasowa sannan "kai" da "shi" su biyo baya. In ka bi sawunsa zuwa inda ya fito, kamar yadda kare yake bin ƙanshin ubangidansa, sai ya lafa, abin da ya saura shi suke kira Atman.

Yanzu ga inda kusan kowa ke ɓata, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Tambayar ba jarrabawa bace da ake jiran ka bada amsa. In kace ni wane ne ɗan wane, ko ni ruhi ne, ko ma ka haddace maganar littafi kace ni ne Brahman, duk tunani ne ka ƙara akan tunani, sai a sake tambayarka wa ya faɗi hakan. Kuma ba wuridi bace da zaka riƙa maimaita "wane ne ni, wane ne ni" kamar kana jan carbi. Sau ɗaya ake yinta dan ta juyo da hankali, da ta juyo dashi ka sake ta. A ɗan littafin Ramana mai suna Nan Yar, wato "Wane ne ni?", wanda asalinsa amsoshi ne da ya rubutawa wani ma'aikacin gwamnati Sivaprakasam Pillai a 1902 lokacin baya yawan magana, ya kwatanta tambayar da sandan da ake tona wutar ƙona gawa dashi, yana taimakawa komai ya cinye, ƙarshe shima wutar ta cinye shi.

Wani tarkon kuma shi ne gyangyaɗi. Zaka ji wani irin shiru mai daɗi, kai yayi fayau babu komai, kace ai na iso. Su wannan da yarensu suna ce masa laya, ba layar da muka sani ba, hankali ne ya ɗan suma, da ka tashi duk tarkacen zasu dawo yadda suke. Ko shirun ne ya zo sai ka tambaya wa yake jin shirun. Lura da numfashi ma yana taimakawa in kai ya ƙi zama, amma Ramana yace birki ne na ɗan lokaci.

In kana son hujjar da suke kafawa da ita wadda zaka iya dubawa da kanka, ka duba barci. Mandukya Upanishad, gajere ne baiti 12 kacal, ya kasa rayuwa gida uku, farke, mafarki, da barci mai nauyi. A mafarki jikin dake kan katifa baya cikin labarin. A barci mai nauyi babu suna babu bashi babu gari, amma da safe kace kai yau nayi barci mai daɗi ban san komai ba. To wa ya shaida rashin sanin? Abin da yake nan a duka ukun baya canzawa shi suka kira turiya, na huɗu. Shi yasa wasu ke cewa lokacin da yafi dacewa a gwada shi ne daidai farkawa, kafin sunanka da matsalolinka su gama dawowa, kafin hannu ya kai kan waya.

Mutane da yawa sun je wajen Ramana suna neman izinin barin aiki da iyali su shiga daji, yawanci hana su yake yi, yace in ka tafi dajin ma da tunanin "ni" ɗin zaka tafi, sai dai ya canza daga "ni magidanci" zuwa "ni mai zuhudu". Shi kansa da asuba yake tashi ya shiga kicin ɗin ashram ɗinsa, wato gidan da yake zaune da almajiransa, yana yanka kayan miya. Dan haka bayan zaman minti goman, ka tafi da abin cikin hidimarka, a layin mai, a cikin Keke Napep, ko lokacin da wani ya gaya maka baƙar magana a kasuwa kaji ranka ya fara tafasa, kafin ka buɗe baki ka tambaya wa abin ya yiwa zafi, ka duba wurin na ɗan numfashi ɗaya, sannan ka bashi amsa in har da buƙata.