Babi na 7: Cefane, Gashin Kek da Gyaran Gida a Bazara

Bazara ta shigo. Daga watan Maris zuwa Mayu rana tana ƙuna, mangwaro ya nuna, itatuwa sun fara toho tun ruwa bai sauka ba. Lokacin ne maigida yake kiran magini a yi yaɓe a gyara indararo, uwargida kuma ta fitar da katifu da tabarmi ta shanya, ta kakkaɓe ƙurar da hunturu ya bari a lungunan ɗaki. Mu ma za mu sabunta gidajenmu, amma da biro a hannu. Iyayena da yayyena, kowa ta buɗe littafinta.

Darasi na 1: Takardar cefane

Ki ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar shafi. Yanzu shafin ya rabu biyu. Ɓangaren hagu na sunan kaya ne, na dama na kuɗi. Ki tuna, boko daga hagu yake farawa, ba kamar rubutun allo ba. A hagu ki rubuta waɗannan, kowanne a layinsa: fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara, bekin foda. Ki duba harafin farko na ƙwai, yana da lanƙwasa a ka. Kada ki bar ta.

Idan mai kanti ya faɗi kuɗi, ki rubuta a dama, daidai da sunan abin. Ba laifi ba ne ki ce masa, "Malam, dakata in rubuta." Idan ku da yawa ne kuma kuna Kano, ku haɗa kuɗi ku saro a kasuwar Singa ku raba, ya fi sauƙi a kan sayen ƙulli-ƙulli.

Kafin ki biya, ki juya gwangwanin bekin foda. Za ki ga lambar NAFDAC, za ki kuma ga haruffa uku: EXP. Abin da ke gabansu shi ne lokacin da kayan zai lalace. Idan an rubuta 08/2027, ma'ana watan takwas, wato Agusta, shekarar 2027. In lokacin ya wuce, ki ajiye masa abinsa, don ba zai tayar miki da kek ba.

Darasi na 2: Alamar rabi

Nan ne nake so mu zauna. Ki dubi wannan alama: ½. Ɗaya a sama, layi a tsakiya, biyu a ƙasa. Sunanta rabi. Ba sha biyu ba ce. Ba ɗaya da biyu ba ce. Rabi ce. Ki ɗora yatsa a kanta ki ce "rabi". Ki sake. Madalla.

Ki ɗauko gwangwanin madara da babu komai a ciki, ki zuba ruwa har tsakiyarsa, ki tsaya. Abin da ke ciki shi ne ½. Da ma kin san rabin kwano da rabin mudu tun kina yarinya, ba a taɓa cutar ki a wajen mai awo ba. Hotonsa ne kawai baƙo a wurinki. Ki rubuta shi sau goma: ½.

Ga awon kek ɗinmu. Da gwangwani ɗaya za ki auna komai, kada ki sauya:

Fulawa, gwangwani 2
Sukari, gwangwani 1
Bota, gwangwani ½
Madara ta ruwa, gwangwani ½
Ƙwai 2
Bekin foda, ƙaramin cokali 1½

Sau nawa kika ga alamar? Sau uku. Bota rabin gwangwani. Madara rabin gwangwani. Ta ukun tana da ɗaya babba a gefenta, 1½, ana karanta ta "ɗaya da rabi": cokali ɗaya cikakke, sannan rabin cokali. Ƙaramin cokali shi ne na shayi. Sai an zuba shi sau uku yake cika babba, saboda haka kada ki musanya su. Idan kin ɗebo, ki shafe kansa da bayan wuƙa, ban da tozo.

A kowane aji sai an samu wadda za ta ga ½ ta zuba gwangwani biyu na madara, kwaɓin ya koma kunu, ta ce littafi ne ya yi ƙarya. Littafi bai yi ƙarya ba, gaggawa aka yi. Na faɗa na maimaita, ku riƙa karantawa kafin ku zuba. Fulawa ba kyauta ake samun ta ba, kuma wadda take hira a bayan aji lokacin da ake bayani ita ce za ta yi asara. Wannan biyun da ke ƙasan layi ba umarni ba ne na ki zuba biyu. Cewa yake an raba abu gida biyu, ki ɗauki gida ɗaya. Kada ki karaya, Yaya, waɗanda suka girme ki sun iya. Ki sake cewa "rabi".

Yanzu ki buga bota da sukari har su yi fari. Ki fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya kina juyawa. Ki tankaɗe fulawa da bekin foda tare, ki zuba, ki bi da madara. Nawa ce madarar? Rabin gwangwani. Ki shafa mai a gwangwanayen gashi, ki zuba kwaɓin zuwa ½ kawai, domin zai tashi. Ki zuba yashi mai tsabta a gindin tukunya, ki ɗora a gawayi ya yi zafi, ki jera su a kai ki rufe. Wuta kaɗan. Bayan minti 30 ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito a bushe, ya gasu.

Darasi na 3: Mafici

Zafin bazara yana sa mafici ya yi kasuwa. Ki jiƙa kaba ta yi laushi kafin ki fara saƙa, ki rina wata don ado. Ki rubuta kuɗin kaba da na rini, ki haɗa. Abin da ya hau kansu a wajen sayarwa shi ne ribarki.

Darasi na 4: Rage damuwa

Kafin ki kwanta, ki rubuta aiki uku na gobe, ki rufe littafin. Abin da ke rubuce ba sai kin kwana kina juya shi a zuciya ba.

Aikin gida: ki kwafi awon kek a littafinki, ki zagaye kowace ½ da biro. A zo da gwangwanin madara da ƙaramin cokali ranar Asabar.