Yadda mai digiri da ya fito daga kaso zai nemi aiki a arewacin Kamaru

Yawancin waɗanda nake gani suna faɗuwa a wannan nema, tun wurin haɗa dosiye suke kayar da kansu. Mutum yana da lisans, wato digirin farko, ta Jami'ar Ngaundere ko ta Marwa, ya je neman aikin kula da sito, ya zube wa mai gida duk takardunsa. Mai gida ya ga ilimin ya fi ƙarfin aikin, ya kuma ga shekara biyu da babu bayaninsu, sai ya ce "za mu kira ka".

Fara da sanin abin da takarda ta ce a kanka. Je ofishin magatakardan kotu na garin da aka haife ka, ka nemi kaziye, takardar da ke nuna ko an taɓa yanke maka hukunci, wato bulletin n°3. Hukuncin kotu kaɗai ake rubutawa a ciki. Wanda ya yi zaman jiran shari'a aka sallame shi babu hukunci, takardarsa fes take, ko da ya shekara a ciki. Da yawa ba su san haka ba, suna ta gudun wuraren da za su iya shiga. Guda ɗaya ta isa tukuna, don wata uku take aiki, kuɗin tambur kuma ba ya dawowa.

In hukunci ya fito a ciki, ajiye batun konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, a gefe. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ma galibi suna neman kaziye. Ka nufi inda amana ta fi takarda: masu manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena, dillalan albasa na Marwa, masu sito a babbar kasuwar Garwa, masu jigilar auduga lokacin kaka. Waɗannan alhazai kullum suna neman mai Faransanci da lissafi, wanda zai karanta musu takardar kwastan da ta haraji.

To, ga inda ake yin ɓarna. Kada ka kai CV mai shafi uku. Shafi ɗaya, ka sa abin da aikin yake buƙata: lissafi, Excel, Faransanci, Fulatanci, lasisin tuƙi. Mastar ɗinka bar ta a gida. Rashin ambatonta ba ƙarya ba ne, amma in an tambaye ka, ka faɗa. Abin da Alhaji ke tsoro shi ne ka zauna wata biyu ka gudu, ko ka riƙa gyara masa magana gaban yaransa. Sai ka riga shi: "Alhaji, na san aikin ƙarami ne, ina so. Ka gwada ni wata uku, in ka gamsu zan yi maka shekara."

Maganar kaso kuwa, daga bakinka ya kamata ya ji ta, kuma a zaman farko. Garwa ba ta ɓoye labari. Kafin sati wani ɗan unguwarku ya kai masa. Gajeruwa za ka yi: laifin kaza ne, na yi wata kaza, na gama. Ban da zagin alƙali, ban da "sharri aka yi mini", ko da sharrin ne. Na ga mutumin da aka kusa ba mabuɗin sito, ya tsaya zayyana shari'arsa tun daga komisariya har shayin da aka zuba masa ya huce, Alhaji ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi. In laifin na kuɗi ne, da kanka ka ce kada a ba ka akwatin kuɗi, ka riƙe littafin kaya kawai.

Kuma kada ka je kai kaɗai. Limamin unguwa, kawu, ko tsohon malaminka ya raka ka ya ce "ni na tsaya masa". A ganina wannan ya fi kowace takarda.

Sauran abubuwan: yi rajista a ofishin FNE, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu neman aiki. Ka sani tun 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne, ko da yake a kasuwa ba kowa ke biyan haka ba. Bayan gwaji ka nemi takardar shaidar aiki da rajistar CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Ka kuma tambayi magatakarda ko lauya yaushe za ka cancanci réhabilitation, hanyar da dokar shari'ar laifuka ta 2005 ta tanada don a goge hukuncin daga kaziye.