Yadda za ka yi doguwar tafiya a keke in hadari ya rutsa da kai

Kafin ka tashi ƙulle kayan sawarka da waya a leda biyu, jaka ko an ce ba ta shan ruwa kar ka yarda da ita. Rigar auduga kuwa in ta jiƙe sai ta manne maka tana zuƙe ɗumin jikinka, ajiye busasshiya ta kwana.

Birki ba ya kamawa da wuri in taya ta jiƙe, to fara matsawa tun daga nesa, ka ɗan rage iskar taya, ka kunna fitilar baya ko da rana ce. In ka ga walƙiya ƙirga, duk daƙiƙa 3 kafin tsawa kusan kilomita 1 ke nan, in bai kai daƙiƙa 30 ba sauka ka nemi gini, ban da gindin bishiya don Allah.

Ni dai haka na taɓa tsayawa ƙofar wasu mutane ina karkarwa, na cire hular kwano don su ga fuskata, na gaishe su na ce fakewa kawai nake so, wallahi har tawul suka miƙo min, yaronsu ya riƙe min keken ina goge sarƙa ina sa mai.