Darasi na Bakwai: Wa Za Mu Sa a Kwamitin Unguwa?

Unguwanni da yawa a Legas suna da ƙungiyar raya unguwa, wadda ake kira CDA. Ita ke tara kuɗin masu gadi, ta sa a yashe kwata, ta bi maganar taransifoma idan ta lalace, ta kai kuka ƙaramar hukuma. Jihar tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma Hausawan Agege da Idi-Araba da Obalende duk a ƙarƙashinsu suke zaune. Idan ba mu da kwamitin da zai yi magana da yawunmu a wurin CDA, sai dai mu ji an yanke shawara, a aiko mana da takardar biya.

Yadda aka saba shi ne a taru a ƙofar masallaci bayan isha'i, wani ya ce, "Ai Alhaji wane shi ne babba." Kowa ya sunkuyar da kai don kunya, shi ke nan an naɗa. Girmama na gaba wajibi ne, amma aikin kwamiti zirga-zirga ne da zaman jira a ofis. A bar Sarkin Hausawa da liman da dattawa su zama iyayen kwamiti, masu ba da shawara da sasanta rigima. Masu gudanar da aiki kuwa a zaɓo su daga cikin masu ƙarfin kai da kawowa.

Tambaya ta farko ita ce: mutumin nan yana gari da damina? Ruwan Legas ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, lokacin da kwata ke toshewa ruwa ya shiga ɗakuna. Lokacin ne kuma da yawa daga cikinmu ke tafiya gida noma. Ɗan ci-rani yana iya zama mutumin kirki, amma kada a ba shi shugabanci.

Sakatare dole ya iya karatu da rubutun boko, don shi zai rubuta abin da aka yanke, ya karanta wasiƙar hukuma. A samu kuma aƙalla mutum ɗaya mai jin Yarabanci sosai, wanda ya san Baale, wato mai unguwar Yarabawa, da masu gidajen haya. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a unguwar Mile 12 har gwamnati ta rufe kasuwar wurin. A irin wannan rana, wanda maƙwabta suka saba gaisawa da shi ne kawai za su saurara.

Maganar ma'aji ita ce mai wuya. Mutane sukan ce a ba mai kuɗi, wai ba zai ci ba. Ƙila ba zai ci ba ɗin. To amma idan lissafi bai fito ba, wa zai iya tambayarsa? Wanda ke haya a gidansa, ko wanda ke karɓar kaya bashi a shagonsa? Ku zaɓi wanda ƙaramin yaro ma zai iya ce masa, "Malam, nawa ya rage?" bai ji haushi ba. Kuɗi su zauna a banki da sunan kwamiti, kada a fitar sai mutum 2 sun sa hannu, kuma kada su biyun su zama 'yan gida ɗaya. Duk wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a.

Kada a manta da mata. Su suka san nawa ɗan garuwa ke sayar da jarka, su suka san ran da motar shara ta daina zuwa. Idan zama da maza zai yi musu nauyi, su yi taronsu su zaɓi wakiliya. Matasa ma a ba su kujera.

Yawan 'yan kwamiti ya zama 7 ko 9, don kada ƙuri'a ta zo daidai. A faɗi wa'adinsu tun ranar zaɓe, misali shekara 2.

Aikin aji: Rubuta sunayen mutum 3 na layinku da kake ganin sun dace da ma'aji. A gaban kowane suna, rubuta ko za ka iya tambayarsa lissafi ido da ido.