Yadda na magance baƙin tabo a rufin rodiyom

Zobban farar zinariya da nake yi wa rufin rodiyom (wani farin ƙarfe mai ƙyalli da ake lulluɓe zobe da shi ta hanyar lantarki) suka fara fitowa da dabbare-dabbare, musamman a lungun da ke ƙarƙashin dutsen ado na zoben. Na fara zargin ruwan rodiyom ɗin da ake tsoma zobe a ciki, abin da ya tayar mini da hankali, don tsadarsa ba wasa ba. Ashe lafiyarsa ƙalau.

Man gogewa ne ke maƙalewa a lungunan, shi kuwa rodiyom ba ya kama inda akwai maiƙo ko kaɗan. Yanzu sai na wanke zobe da ruwan zafi da sabulu da buroshi, in sa shi a ruwan cire maiƙo na lantarki, in ɗauraye da tataccen ruwa. Na daina amfani da ruwan rijiya gaba ɗaya, gishirinsa na ɓata aiki. Gwajina shi ne: idan ruwa ya shimfiɗu a jikin zoben, ya wanku, idan ya taru ɗigo-ɗigo, a sake. Daga nan hannu ba ya taɓa shi.

Wutar lantarkin da nake yin rufin da ita ma na rage ta zuwa volt 3, daƙiƙa 30 zuwa 60, domin yawanta ke ƙona gefuna su yi duhu. Zobban jiya sun fito fari tas.