Yadda na gyara dusu-dusun hotunana a ɗakin duhu

Bayan shekara 9 ban taɓa na'urar faɗaɗa hoto ba, na sake buɗe ɗakin duhuna, inda nake wanke hoto. Duk hoton da na wanke sai ya fito dusu-dusu, wuraren da ya kamata su zama fari sun koma ruwan toka, har gefen takardar da hasken na'urar bai taɓa ba.

Na fara zargin tsohuwar takarda, na sayo sabuwar Ilford Multigrade. Babu canji. Na zubar da dibelofa, wato sinadarin da ke fito da hoto a takarda, na haɗa sabo, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a zafin digiri 20 na Celsius, na tsoma takardar minti 1. Haka dai.

Gwajin tsabar kuɗi ne ya tona asirin. Na kashe kowace fitila, na yi wa takarda ɗan haske kaɗan da na'urar, na ɗora tsabar kuɗi a kanta, sannan na kunna fitilar ɗakin, wadda gilashinta mai launi ke tace haske don kada ya ɓata takarda, ita kaɗai na minti 5. Da na wanke, sai ga da'irar tsabar fes, kewayenta ya yi duhu. Ashe fitilar ce ke cin takardar. Gilashinta ya koɗe, kuma kwan ciki mai wat 40 ne. Ni na sa shi tun da daɗewa, na manta.

Na canza gilashin da sabo samfurin Ilford 902, na sa kwai mai wat 15, na matsar da fitilar zuwa mita 1.2 daga faranten wanki. Na maimaita gwajin har minti 7, ko alamar da'ira babu. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. Yanzu ba na barin takarda a buɗe fiye da minti 4.