Yadda za ka kare idonka daga makantar kogi

Wannan ciwon ba daga shan ruwan kogi ake ɗaukarsa ba fa, wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi ne ke kawo shi, da rana yake cizo, in ya cije ka sai ya bar maka 'ya'yan tsutsa a jiki. Su girma a ƙarƙashin fata su yi ƙululu, yawanci a kugu ko haƙarƙari, uwar tana iya kai shekara 15 tana zuba 'ya'ya, su kuma 'ya'yan su yi ta yawo har cikin ido, in sun mutu a can sai wurin ya kumbura, a hankali a hankali gani ya tafi.

To ka lura da jikinka. Ƙaiƙayi mai hana barci, kurji, fatar ƙwauri ta yi dabbare-dabbare, ido ya yi ja yana hawaye kuma ba ya son haske. In ka ga haka kuma kana zaune ko noma ko kamun kifi kusa da kogi, tafi asibiti a duba ka, kar ka tsaya ɗiga wani abu a ido.

Maganin shi ne ivermectin, wanda aka fi sani da Mectizan, kamfanin Merck ke bayar da shi kyauta tun 1987. Masu rabo da sanda suke auna tsawonka su ba ka ƙwayoyin da suka dace, sau ɗaya ko biyu a shekara. Nan ne mutane ke kuskure wallahi, mutum ya sha shekara biyu ƙaiƙayi ya lafa sai ya ce ai na warke, alhali 'ya'yan kawai maganin ke kashewa, uwar tana nan daram, shi ya sa ake sha duk shekara har ta mutu don kanta. Idon da ya riga ya makance kuma magani ba ya dawo da shi. Ƙaiƙayi ko zazzaɓi na kwana kaɗan bayan sha ba abin tsoro ba ne.

Ba a ba mai ciki, ko yaron da bai kai shekara 5 ba, ko mai tsananin rashin lafiya. Wanda ya taɓa zama yankin da ake da tsutsar Loa loa (wata tsutsa daban da kan gifta ta farin ido), irin su Kamaru da Kongo, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya sha, don yana iya illa sosai ga mai ita da yawa a jini.

In za ka bakin ruwa da rana kuma ka sa doguwar riga da wando.